Ilimin da Ke Tafiya Babu Sabis: Matse Bayanai Masu Alaƙa da Amfaninsa ga Kuyello



  

Gabatarwa

A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro, kuma Birnin Gwari na cikinsu. Zamfara ta riga mu tun farkon watan. Sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido da sabis. Kusan wata biyu ke nan waya ta koma tocila da agogo da rediyo. Ku tuna abin da ya ci gaba da aiki a cikin wayoyinmu a wancan lokaci: karatun Alƙur'ani, wa'azi, da finafinan da ke kan memori. Duk abin da ke zaune a cikin waya ya yi amfani. Duk abin da sai an je intanet an ɗebo shi, ya yanke.

Daga nan tambayar wannan lacca ta taso. Shin za a iya ɗaukar ilimi mai tsari, irin wanda ake yi wa tambaya ya ba da amsa, a matse shi ya shiga memori, a tura shi daga hannu zuwa hannu, ya yi aiki ko da babu sabis? Ana iya. Masana sun yi shekaru fiye da goma suna wannan aiki, kuma zan nuna muku yadda yake a kan allo da sunayen garuruwanmu. Maganata guda ce: garin da sabis ɗinsa yau akwai gobe babu ya fi kowa bukatar wannan fasaha, amma ba za ta tsinana masa komai ba sai ya zauna ya rubuta bayanan kansa da hannunsa.

Mene ne bayanai masu alaƙa?

A 1989 wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Jeniba, ya gabatar da tsarin da ya zama yanar gizo. Yanar ta haɗa shafi da shafi, mutum ya karanta ya gane. Ita kuwa kwamfuta tana nuna rubutun ne kawai, ba ta san abin da ya ƙunsa ba. A watan Mayu na 2001 shi da James Hendler da Ora Lassila suka rubuta maƙala a mujallar Scientific American, suka yi kira da a gina yanar gizo mai ma'ana, wadda kwamfuta za ta iya bin bayananta ta haɗa wannan da wancan. A 2006 Berners-Lee ya shimfiɗa ƙa'idoji huɗu na bayanai masu alaƙa. Taƙaitawarsu ita ce: a ba kowane abu adireshinsa na kansa, adireshin ya zama wanda za a iya buɗewa a intanet, in an buɗe a tarar da bayani a tsari sananne, kuma bayanin ya yi nuni zuwa adireshin wasu abubuwa.

Tsarin da aka amince da shi sunansa RDF, kuma hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da shi tun 1999. Ginshiƙinsa jimla ce mai gaɓa uku: abu, alaƙa, amsa. Kuyello, tana cikin, Birnin Gwari. Birnin Gwari, tana cikin, Jihar Kaduna. Gandun dajin Kamuku, yana cikin, Birnin Gwari. Ku lura da Birnin Gwari: a jimla ta farko amsa ce, a ta biyu ita ce abin magana. Nan alaƙar take. Babu wanda ya rubuta cewa Kuyello tana Jihar Kaduna, amma kwamfuta za ta bi jimla ta farko ta faɗa ta biyu ta gano haka da kanta. In jimlolin suka yi yawa, sai a iya yin tambaya irin wannan: waɗanne mazaɓu ne a Birnin Gwari suke da makarantar sakandare amma ba su da asibiti mai ɗakin haihuwa? Harshen da ake yin irin wannan tambaya da shi sunansa SPARQL, an tabbatar da shi a 2008.

Me ya sa ake ba abu adireshi, sunansa bai isa ba? Ku dubi garin nan da muke zaune. A wata takarda Kuyello, a wata Kuyallo. Ga garuruwa masu suna Sabon Gari da Sabon Layi da Unguwar Sarki birjik a ƙasar Hausa. Ofishin lafiya ya rubuta suna iri ɗaya, ofishin ilimi ya rubuta wani iri, sai a rasa mai haɗa takardun biyu. Adireshi ɗaya tak yana kashe wannan rikici, sunaye kuwa a rataya masa su duka, na boko da na ajami, kowanne da alamar harshensa. Alamar Hausa a wannan tsari ita ce ha.

Babban rumbun irin waɗannan bayanai a yau shi ne Wikidata, wanda aka buɗe a watan Oktoba na 2012 ƙarƙashin reshen Wikimedia na Jamus. Abubuwan da ke cikinsa sun haura miliyan 100, jimlolinsa sun haura biliyan 10. Lambar Najeriya a can Q1033 ce. Alaƙar da ke nuna ƙasar da abu yake ita ce P17, wadda ke nuna yankin mulkin da yake ciki kuwa P131. A 2021 aka zaɓi Hausa cikin 'yan harsunan da aka ba fifiko wajen tattara kalmomi a Wikidata, tare da Ibo da Dagbani da Bengali da Malayalam. Wato ƙofar a buɗe take gare mu.

Nauyin kayan

Wannan tsari yana da aibi ɗaya babba: maimaici. Cikakken adireshin Najeriya a Wikidata shi ne http://www.wikidata.org/entity/Q1033. Ku ƙirga, haruffa da alamomi 36 ne, kuma kowanne yana cin bayit ɗaya a ajiya. In aka rubuta jimla guda a fili, adireshi uku a jere, sai ta wuce bayit 110.

Mu yi lissafi da abin da muka sani. Tun 2021 rumfunan zaɓe a Najeriya 176,846 ne. A ce muna son mu rubuta wa kowace rumfa cewa a Najeriya take. Adireshin Najeriya kaɗai, sau 176,846, zai ci bayit 6,366,456, wato sama da MB 6, alhali abu ɗaya muke ta nanatawa. Ba mu rubuta sunan rumfar ba, ba mu rubuta mazaɓarta ba, ba mu rubuta ƙaramar hukumarta ba. To ina ga jimla biliyan 10?

Maganin da aka saba da shi shi ne a matse fayil da manhaja irin gzip ko zip. Yana rage girma ƙwarai, amma halinsa halin dilar gwanjo ne. An danne ta an ɗaure da ƙarfe, ta yi daɗin ɗauka a mota, sai dai mai son riga ɗaya dole ya fasa dilar gaba ɗaya, kayan su kumbura su cika shago, sannan ya shiga tono. Haka fayil ɗin RDF da aka matse da gzip yake. Sai ka sauke shi, ka warware shi, ka loda shi a manhajar ajiya ta musamman, wadda za ta iya kwashe sa'o'i ko kwanaki tana jera shi, kafin ka yi tambaya ta farko. Ɗaya hanyar ita ce ka aika tambayarka zuwa babbar kwamfuta da ke Turai ko Amurka ta amsa maka, wannan kuwa sai da sabis da data. Hanyoyin biyu duka an gina su ne don mai wuta da intanet ba yankewa.

Yadda HDT ke aiki

A 2010 Javier Fernández da Miguel Martínez-Prieto na Jami'ar Valladolid a Sifaniya, tare da Claudio Gutiérrez na Jami'ar Chile, suka gabatar da wata hanya. Mario Arias da Axel Polleres sun shiga aikin, aka miƙa shi ga W3C a watan Maris na 2011 a matsayin shawara, cikakken bayaninsa kuma ya fito a 2013. Sunansa HDT, haruffan farko na sassansa uku: goshi, ƙamus, da jimloli. Burinsu shi ne fayil ya ƙanƙance, kuma a iya yi masa tambaya yana matse, ba sai an warware shi ba.

Goshi shi ne ɗan bayanin da ke farkon fayil: wa ya haɗa shi, yaushe, jimla nawa ke ciki, da wane izini ake rarraba shi. An bar shi a rubuce a fili domin mutum ya san abin da ke hannunsa tun kafin ya shiga ciki. Kada ku raina wannan sashe. Fayil ɗin da zai yi ta yawo daga waya zuwa waya, in ba ya ɗauke da kwanan wata da sunan mai shi, wata rana za a yi aiki da tsohon bayani ana zaton sabo ne.

Ƙamus shi ne inda ake rubuta kowane adireshi da kowane suna sau ɗaya tak, a ba shi lamba. Daga nan lambar ce za ta riƙa yawo a madadinsa. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kowane sifili ko ɗaya ana ce masa bit, takwas ɗinsu ne bayit guda. Da bit 18 za a iya ba abubuwa 262,144 lamba daban-daban, wato ya ishi rumfunan zaɓenmu duka har da saura. Adireshin Najeriya bayit 36 ne, bit 288 ke nan. Lambarta bit 18. Kashi ɗaya cikin 16. Abin da ya ci sama da MB 6 ɗazu ya dawo ƙasa da rabin MB.

Shi kansa ƙamus ɗin ana matse shi. Ana jera sunaye bisa tsarin haruffa, sai a ga maƙwabta sun yi tarayya a farkonsu. Ku dubi mazaɓun Birnin Gwari 11 kamar yadda suke a takardar hukumar zaɓe: Dogon Dawa, Gayam, Kakangi, Kazage, Kutemeshi, Kuyello, Magajin Gari I, Magajin Gari II, Magajin Gari III, Randagi, Tabanni. Magajin Gari I, in aka haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi, gurbi 14 ne. Idan aka zo ta biyu ba a sake rubuta ta. Sai a ce: ɗauki 14 na wadda ta gabata, ƙara I. Ta uku: ɗauki 15, ƙara I. Kuyello ma tana aron harafi biyu daga Kutemeshi. A kan sunaye ribar kaɗan ce, amma ku tuna adireshin Wikidata, inda gurbi 31 na farko iri ɗaya ne ga abubuwa sama da miliyan 100. Nan ne ribar take. Ana yin wannan aro rukuni-rukuni, sunan farko na kowane rukuni a rubuta shi cikakke, domin mai nema ya iya tsallake. Ya buɗe tsakiya, ya ga ko abin da yake nema yana gaba ko yana baya, ya watsar da rabi, ya sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Ta haka tsalle 20 ya isa a samo abu ɗaya cikin miliyan.

Sashe na uku shi ne jimloli, kuma nan nake so ku dubi allo. Ga jimloli huɗu:

Birnin Gwari, ƙasarta, Najeriya.
Birnin Gwari, tana cikin, Jihar Kaduna.
Kuyello, ƙasarta, Najeriya.
Kuyello, tana cikin, Birnin Gwari.

Ƙamus ɗin HDT kashi huɗu ne. Na farko, abubuwan da ke fitowa a gaba da kuma a ƙarshen jimla: Birnin Gwari ce kaɗai, lambarta 1. Na biyu, masu fitowa a gaba kawai: Kuyello, 2. Na uku, masu fitowa a ƙarshe kawai: Jihar Kaduna 2, Najeriya 3. Na huɗu, alaƙoƙi: ƙasarta 1, tana cikin 2. Wani zai ce ai Kuyello da Jihar Kaduna sun yi karo a lamba 2. Ba su yi ba, domin wurin zama ke bambanta su: 2 a gaban jimla Kuyello ce, 2 a ƙarshenta Jihar Kaduna ce. Wannan dabara tana sa lambobi su zauna ƙanana.

Jimlolinmu sun zama 1-1-3, 1-2-2, 2-1-3, 2-2-1. Tunda an jera su bi da bi, lambar gaba ma ba a rubuta ta. Sai a yi layin alaƙoƙi: 1, 2, 1, 2. A ƙarƙashinsa a yi layin alama: 0, 1, 0, 1. Duk inda aka ga 1, maganar wannan abu ta ƙare, an shiga ta na gaba. Sai layin amsoshi: 3, 2, 3, 1, shi ma da nasa layin alamar. Shi ke nan. Yanzu mu tambayi fayil: Kuyello tana cikin ina? Kwamfuta ta duba ƙamus, Kuyello 2 ce. Ta tsallake alamar 1 ta farko, ta san ta shigo yankin abu na biyu. A nan ta nemi alaƙa mai lamba 2, ta same ta a gurbi na huɗu. Ta gangara layin amsoshi ta tarar da 1. Ta koma ƙamus: Birnin Gwari. Ba ta warware komai ba, ba ta karanta sauran fayil ɗin ba, kuma ba ta nemi sabis ba. Abin da muka yi da jimla huɗu, haka ake yi da biliyan.

Abin da aka gani a aikace, da iyakarsa

A 2017 masu bincike a Amsterdam ta ƙasar Holan, tare da masu HDT, suka tattara tarin bayanai kusan 650,000 daga sassan intanet suka zuba a fayil ɗaya da suka kira LOD-a-lot. Jimloli biliyan 28 suka shiga GB 524, wato kowace jimla ba ta kai bayit 20 ba, kuma ana yi masa tambaya a kwamfuta ɗaya mai ƙwaƙwalwar aiki wajen GB 16. A Jami'ar Ghent ta Beljiyam, Ruben Verborgh da abokan aikinsa sun yi amfani da HDT wajen gina hanyar da ƙaramar kwamfuta mai araha za ta riƙa amsa wa jama'a tambayoyi ba tare da ta durƙushe ba.

HDT ba shi kaɗai ba ne a wannan gida. Manhajar Apache Jena tana da RDF Thrift, wanda aka yi don saurin karantawa da rubutawa. Taswirar OpenStreetMap ana rarraba ta da tsarin PBF. Kiwix, wadda ke ba mutum damar karanta Wikipedia babu intanet, tana amfani da tsarin ZIM, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ta, Renaud Gaudin, a Mali yake aiki, inda matsalar sabis irin tamu ce ta sa shi neman mafita.

Dole in faɗa muku iyakar abin. Fayil ɗin HDT na karantawa ne, ba a gyara shi a wurin. In an buɗe sabon asibiti, sai an sake haɗa fayil ko a haɗe shi da wani ƙarami. Haɗa babban fayil yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai, ko da yake na ƙaramar hukuma ɗaya kowace kwamfutar cinya za ta iya. Tambayar da ta faro daga ƙarshen jimla, kamar a ce waɗanne garuruwa ne ke cikin Birnin Gwari, tana bukatar ƙarin jadawali wanda mai karɓar fayil ke ginawa a kwamfutarsa sau ɗaya. Sannan kayan aikinsa, waɗanda aka rubuta da C++ da Java, na masu ilimin kwamfuta ne. Kafin ungozoma ko shugaban makaranta su amfana, sai yaranmu sun gina masa fuska mai sauƙi da Hausa.

Ina Kuyello a cikin fayil ɗin?

Jama'a, matsewa ba ta ƙirƙirar abin da babu. In ƙauyenku bai shiga jimla ba, ko an matse duniya duka a memori, ba za ku ga kanku a ciki ba. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce, mun ga misalinta a yaƙi da cutar shan inna. Shekara da shekaru masu rigakafi suna aiki da taswirar da aka zana da hannu. Daga wajen 2012 aka fara zana taswirar jihohin Arewa da hotunan tauraron ɗan'adam, ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin masu aikin, ana kuma ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Sai aka gano rugage da ƙauyuka da ba sa kan takardar kowa, da wasu da aka ajiye ba a wurinsu ba. Yaran da ke can ba wanda ya ƙi su, ba a san da su ba ne. Gyaran wannan lissafi yana cikin abubuwan da suka taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a ranar 25 ga Agusta, 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Birnin Gwari ƙasa ce mai faɗi, ta haura murabba'in kilomita 6,000, mutanenta a ƙidayar 2006 sun wuce 250,000. Shekarun rashin tsaro sun tashi ƙauyuka, sun rufe makarantu da kasuwanni. Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, mutane na komawa gonakinsu. Wane ƙauye ne aka koma? Wace makaranta ce ke da rufi amma babu malami? Wace rijiyar burtsatse ce ke aiki, wace ce ta mutu? Wace gada ce ruwa ke shafewa a watan Agusta? Tauraron ɗan'adam yana ganin rufin kwano, amma bai san sunan garin ba, bai san ko famfon yana kawo ruwa ba. Mai unguwa ya sani. Malamin firamare ya sani. Direban da ke bin hanyar Funtuwa ya sani.

Iyayenmu ba baƙi ba ne a wannan aiki. A zamanin En'e, ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa ake lissafa garuruwa da magidanta saboda haraji da jangali, kuma yawancin takardun wancan zamani suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Wancan lissafi an yi shi ne don a karɓa daga hannun talaka, har gwamnatin Balarabe Musa ta soke harajin a 1979. Wanda nake kira a yi yanzu na kawo wa talaka ne: allura, alli, taki, ruwa. Hanyar rarraba shi ma muna da ita. Masu tura finafinai da wa'azi a kasuwanninmu suna cika memori da yawa a yini, matasa kuma suna tura wa juna fayil da Xender ba tare da data ba. Bayanin Birnin Gwari duka, in an matse shi, ba zai kai girman fim ɗaya ba.

Abin da ba a sakawa

A yanki irin namu dole a yi hattara. Fayil ɗin da ke da sauƙin turawa, in ya fita ya fita, babu mai iya kiran sa ya dawo. Ƙarfin bayanai masu alaƙa kuma shi ne haɗa wannan da wancan, kuma mugu ma ya iya haɗawa. Don haka sunan mutum, lambar wayarsa, yawan shanunsa, buhun masara nawa ya noma, ranar da yake zuwa kasuwa, cutar da ke damunsa, duk waɗannan ba sa shiga fayil ɗin jama'a. Haka wuraren da jami'an tsaro da 'yan sa-kai suke. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai tattara bayanan mutane, mu kuwa mun san abin da tsegumi ya jawo wa garuruwanmu tun kafin a yi dokar. Abin da ake buɗewa shi ne na kowa da kowa: sunan gari, mazaɓarsa, makarantarsa, asibitinsa, ruwansa, hanyarsa. Ko a cikin waɗannan, in iyayen ƙasa suka ga wani bayani zai jawo wa ƙauye fitina, a bar shi a littafin ofis har Allah ya kawo sauƙi.

Kammalawa

Mun ga cewa ilimi yana rubutuwa a jimla mai gaɓa uku, cewa adireshi ɗaya yana raba gardamar sunaye, kuma HDT yana mayar da dogayen adireshi ƙananan lambobi ya jera su yadda za a tambaye su suna matse. Sauran aiki namu ne, kuma ba ya jiran kwangila.

Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ƙara muku lafiya, muna roƙon ku sa kowane mai unguwa ya kawo sunayen ƙauyuka da rugagen da ke ƙarƙashinsa, da yadda mutanen wurin ke furta su, da tsohon suna in an sauya. Malamai da ma'aikatan asibiti, ku ware littafi ɗaya mai layi uku, abu, alaƙa, amsa, ku riƙa sa kwanan wata a kan kowane shafi. Ku rubuta ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu, domin a wurin kwamfuta kowannensu harafi ne daban. Iyaye mata, ku kuka fi kowa sanin rijiyar da ke ƙafewa da asibitin da ake samun ungozoma da dare, kada a rufe littafin nan ba a ji daga bakinku ba. Shugabannin ƙaramar hukuma, ku ba kowane ƙauye lamba ɗaya da ofishin lafiya da na ilimi da na gona za su yi tarayya a kanta.

Ku kuma ɗalibai, musamman masu karatun kwamfuta a Zariya da Kaduna da Funtuwa, nauyi mafi girma a kanku yake. Ku buɗe Wikidata duk ranar da kuka samu sabis, ku nemi garuruwanku, wanda babu ku shigar da shi tare da madogara, wanda ke akwai ku sa masa sunan Hausa. Ku koyi RDF da SPARQL, ku sauke kayan aikin HDT, kyauta suke. Ku haɗa fayil ɗin Birnin Gwari na farko, ku sabunta shi duk bayan damina, ku kai wa kowace makaranta da kowane asibiti kwafi. Ku fara da mazaɓar Kuyello a wannan hutun, sauran goman za su biyo baya.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa.